Allin Tela a Rufin Mota

Ni ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya. Faɗa nake, 'yata Hadiza tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana.

Abin da ya fara tarbata a Guangzhou, can ƙasar Sin, ruwa ne. Ba irin namu ba, da zai haɗo hadari ya zuba ya wuce. Wannan yayyafi ne mai naci, ga zafi a cikinsa, mayafi ya manne wa mutum a wuya. Abba yana tsaye a bakin ƙofar fita, ya yi ƙiba, ya tara ƙasumba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jakata. Da ya miƙa hannu zai karɓi ƙaramar da ke rataye a kafaɗata, na ce ya bar ta. Bai san takardun rumfarmu ba a cikinta suke ba. Suna cikin lalita, ɗaure a ƙuguna.

Abba ɗana ne na fari. Shekararsa tara a can yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Mahaifinsu ya rasu ya bar rumfar yadi a Kwari, gadon Abba da ƙannensa mata biyu, da ɗan tumunina. Ni nake zama a cikinta tun Malam yana da rai. A cikinta Hadiza take ci da 'ya'yanta uku tun da mijinta ya kwanta ciwo. Wata rana Abba ya bugo waya ya ce a sayar da rumfar, ya ga mota.

Na ce, "Tirela?"

Ya ce, "A'a Hajiya, ƙarama ce, ƙofa biyu."

"Sabuwa?"

"Ta haura shekara hamsin."

Na ce, "Abba, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Ya yi ta bayani. Wai ƙirar Amurka ce mai ƙaton inji, rufinta na yadi ne, yana ninkewa baya. Wai 'yan kaɗan aka ƙera irinta, kuma manya a Abuja za su biya ninki. Wai duk darajarta a abu ɗaya take: ba a taɓa ta ba, ko ƙusa ba a canja ba, yadda ta fito daga masana'anta haka take. Ƙannensa suka ce duk abin da Hajiya ta yanke. Ni kuwa ko turmin atamfa ban taɓa saye a waya ba. Na ce ya nema mini biza.

Masaukin da ya kai ni a kan titin Liuhua yake, hawa na goma sha huɗu. Tagar ba ta buɗewa. Babu buta, sai na yanke robar ruwa. Alƙibla sai da Abba ya juya wayarsa sau uku kafin ya nuna mini kusurwar da ke bayan talabijin. Kwana uku ina wannan ɗaki, ina cin dambun naman da na zo da shi da garin kwaki, saboda abincinsu ban san me ke ciki ba, kuma ba ni cin abin da ban sani ba. Kullum da safe Abba zai leƙo.

"Yau za mu ga motar?"

"Lawban ya yi tafiya, sai gobe."

Lawban shi ne maigida a bakinsu, mai motar ke nan. Goben nan tasu kuwa sai da na ji ta sau huɗu. In na gaji da ɗaki na sauko ƙasa na zauna, sai a yi ta kallona. Wata ma ta ɗaga waya ta ɗauke ni hoto ba sallama ba neman izini. Na zuba mata ido har sai da ta mayar da wayar jaka. Ƙafata ta hagu ta kumbura tun a jirgi, ta ƙi saɓewa. Da la'asar nakan tsaya a jikin tagar nan ina kallon motoci kamar tururuwa, in ce yanzu a Kwari ana ta sauke diloli, mai fura ta iso layinmu.

A rana ta huɗu Abba ya kai ni wani gida a bayan manyan shaguna, inda wata Hajiya Mariyama, mutuniyar Damagaram, take tuƙa tuwo tana sayar wa 'yan kasuwa. Tun daga matakala na ji ƙamshin daddawa, sai da idona ya kawo ruwa. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Hajiya, ƙafar nan ba ta jira." Ta zaunar da ni, ta kawo ruwan zafi da gishiri, ta gasa mini da hannunta, ta shafa man zafi. Na ci tuwon shinkafa miyar kuka malmala biyu. Ta ƙi karɓar ko sisi.

A nan na fara ganin Ɗanliti. Shi ne dillalin motar, ɗan Kano ne, dogo, mai agogo biyu, ɗaya lokacin gida ɗaya na can. Ya zube har ƙasa yana "Hajiyarmu, uwa ga kowa." Tun kafin ya wanke hannu ya fara yabon motar. Da suka fita da Abba, na tambayi Mariyama ko ta san shi.

Ta ce, "Yana cin tuwona."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta juya miya ta ce, "Ni dai tuwo nake sayarwa, Hajiya." Na gane.

Washegari, don a rage mini zaman ɗaki, suka kai ni kasuwar Liwan in ga yaduka. A wani shago aka nuna mini leshi mai kyau, na ce a ciro mini daga cikin dila. Da aka ciro, na murza shi tsakanin yatsu, na ɗaga shi ga fitila. Zaren ya fi na samfurin siranta, kuma da na lasa yatsa na goga, launin ya biyo ni. Na yi abin da na saba yi shekara da shekaru, na kushe kayan tas, da Hausa, da hannu, da fuska. Mai shagon ya yi ta ɗaga murya yana "meyo, meyo," wato babu. Mutane suka taru. Abba ya ja ni waje kunya ta ishe shi.

"Hajiya, don Allah. Gobe in mun je Xintang ganin motar kada ki yi haka. Lawban babban mutum ne. In kika kushe masa mota a gaban ma'aikatansa, magana ta mutu."

"To yaya ake ciniki in ba a kushe ba?"

"Ki dai yi mini alkawari."

Ɗanliti ya yi dariya ya ce, "Mota ba atamfa ba ce, Hajiya. Ki sha shayi kawai, mu za mu yi magana."

Na yi wa Abba alkawari. Ɗanliti kuwa ban ce masa komai ba.

Washegari muka kama hanyar Xintang. Garin kansa na wandon jins ne. Duk inda ka duba shuɗi, a ƙofar shaguna, a bayan babura, har hannuwan mutane. Masana'antar lawban hawa uku ce, kuma sai an ratsa ta cikin masu ɗinki kafin a kai bayan gini. Su Abba suka yi gaba. Ni ƙafa ta hana ni sauri, don haka na tafi a hankali ina kallon kekunan ɗinki. Allura biyu suke tafiya tare, layi biyu a sama, a ƙasa kuma zaren yana sarƙewa kamar kitso. Na ɗauki ƙafar wando ɗaya na juya cikinta. Aiki mai tsabta.

Motar tana cikin wani sito, an lulluɓe ta. Abba ya ce dokar ƙasar ba ta barin tsohuwar mota irinta ta hau titi, shi ya sa take zaune. Aka yaye mayafin. Ja ce kamar barkono, doguwa, faffaɗa, gabanta kaɗai ya isa a shimfiɗa tabarma. Rufin baƙi. Lawban, wani gajere mai fara'a, ya shiga ya murza makulli. Sai da na ji ƙarar a ƙirjina, ƙofar siton tana rawa. Na waiga na dubi Abba. Bakinsa a buɗe. Rabon da in ga wannan fuskar tun yana yanka gwangwanin madara yana ƙera motoci a tsakar gida, yana satar mini ƙyalle yana yi musu rufi.

Aka kawo shayi a wasu kofuna kamar murfin kwalba. Na sha ɗaya don ladabi, na tashi na fara zagaya motar. Ban san inji ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na sayi kwanukan aure na 'ya'ya biyu, na san yadda ake ƙwanƙwasa langa a ji ko tana da tsaga. Na bi gefen dama da zobena, a hankali. Ƙarfe yana amsawa. Na zagayo hagu, daga ƙofa zuwa tayar baya, sai sautin ya mutu, kamar ana buga garu. Abba yana ta yi mini ido. Na wuce gaba.

Na ce a ɗaga rufin rabi. Lawban ya danna wani abu, rufin ya taso ya tsaya. Na sa kai ciki. Abin da ya fara dukan hancina warin sabon yadi ne. Wanda ya shekara talatin yana buɗe dila ba ya ɓata wannan warin. Na bi haɗin da yatsa. Layi biyu a sama. Na juya bakin, ga kitson nan a ƙasa, irin wanda na bari yanzu a ƙafar wando. Zaren yana da ƙarfi, ko gashi bai tayar ba. Can kuma cikin lungu, inda yadin ya naɗe a jikin ƙarfe, ga ɗan layin alli shuɗi, irin wanda tela yake ja kafin ya sa almakashi.

Ɗanliti ya matso. "Kin gani ko, Hajiya? Tun daga Amurka. Hannu bai taɓa shi ba."

Maganar ta zo mini har baki. Amma na yi alkawari, kuma ban taɓa karya wa ɗana alkawari ba.

A bakin siton akwai wata tsohuwa zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tana tsinke zare daga wanduna da ɗan almakashi. Tun da na sa hannu a rufin ta daina aiki. Ba motar take kallo ba, yatsana take kallo. Na san wannan kallon. Haka nake yi in wata ta ɗaga ɗinkin da na yi tana dubawa.

An hana ni kushewa, ba a hana ni yabo ba. Na riƙe bakin ɗinkin na juyo da shi wajenta. Na bi layin da farce tun daga farko har kwana, inda ɗinki yake kayar da tela, na nuna mata ko tattara babu. Na girgiza kai, na ce da Hausa, "Wanda ya yi wannan ya iya. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Tsohuwar ta ajiye almakashi. Ta taso da sauri, ta kama hannuna ta kai shi wata kusurwa da ban gani ba, inda ta ninka yadin gida uku. Ta bugi ƙirjinta. Sai magana, kamar an buɗe famfo, tana nuna rufi, tana nuna kujeru, tana ɗaga yatsu biyu.

Ɗanliti ya ce, "Tana yi miki sannu da zuwa."

Na ce, "Duk wannan sannu da zuwa ce? Ashe gaisuwarsu ta fi tamu tsawo." Na juya. "Abba. Shekararka tara a garin nan. Me ta ce?"

Abba ya sassauta murya.

"Ta ce ita ta ɗinka. Rufin da kujerun. Wata biyu ta yi a kai."

Tsohuwar ba ta gama ba. Ta shige bayan siton ta jawo wani buhu, ta zazzage. Ga tsohon rufin nan, ya yi fari, ya rube, na taɓa shi ya marmashe a hannuna. Ta zaro waya daga aljihun riga tana nuna mini hotuna: motar ranar da aka kawo ta, fenti ya kwaile, gefen hagu da rami wanda akuya za ta iya sa kai.

Na zaci lawban zai fusata. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗar tsohuwar. Abba ya fassara da murya ƙasa-ƙasa: yayarsa ce, ita ta koya masa ɗinki, kuma duk wanda ya tambaya yana nuna masa hotunan nan. Ya nuna wa Ɗanliti ma tun zuwansa na farko. Sannan ya buɗe gaban motar, ya haska wata lamba a jikin injin, ya haska wata a jikin ƙofa, ya ce iri ɗaya ne, injin nata ne na asali. Wannan ban iya karantawa ba, amma Abba ya duba ya ce haka ne.

Ɗanliti ya fara, "Ai Hajiya, gyara ba aibi ba ne, mota ba atamfa..."

Na ce, "Rufinta yadi ne, kuma kai ka ce hannu bai taɓa shi ba. Zauna ka sha shayi, mu za mu yi magana."

Na zauna gaban lawban, na ce Abba ya fassara ba ragi ba ƙari. Shekara nawa motar take nan? Shida. Mutum nawa suka taya? Da yawa sun zo kallo. Na ce ban tambayi 'yan kallo ba. Ya yi murmushi ya ɗaga yatsa biyu. Me ya hana su saye? Takardun fitar da ita da wahala, kuma sun raina kuɗin.

Sai na juya ga ɗana. "Wane ne a Abuja ya ce da bakinsa zai saya?"

"Akwai masu so, Hajiya."

"Sunansa."

Ya dubi Ɗanliti.

"In wani abu ya karye a cikin injin nan, wane bakanike ne a Kano yake da irinsa?"

"Ana yin oda."

"Kafin odar ta zo, 'ya'yan Hadiza me za su ci?"

Ga yadda na auna abin, kuma har yau ban canja ba. Tsohuwar rigar saƙi mai aikin hannu, in ba a taɓa ta ba, kuɗinta daban. In an sake mata wuya, an yi mata maho a gefe, ko da mahon ya fi na asali kyau, riga ce mai kyau, amma ba waccan ba ce. Kuma ko wacce ce a cikinsu, ba ranar da kake so ake saye ba, sai ranar da mai so ya zo. Motar nan ba ta ƙarya ba ce. Injin nata ne, irinta ba yawa, an yi mata aiki na tsakani da Allah. Amma kuɗin da aka gaya wa Abba na wadda ba a taɓa ba ne, da la'adar Ɗanliti a kai.

Na karɓi kalkuleta. Rubutu ne ban sani ba, lamba kam mun saba. Na buga abin da bai kai rabi ba, daidai abin da na san Abba zai iya haɗawa daga aljihunsa ba tare da an taɓa rumfa ba. Lawban ya duba, ya yi dariya, ya zuba mini shayi. Ya buga tasa. Ya sauko, har da nisa, wanda ya nuna mini kuɗin farko ba nasa ba ne. Amma ko a hakan sai rumfa ta tafi. Na ƙara kaɗan. Ya girgiza kai yana murmushi, ya shafa motar kamar doki.

Na ce, "Albarka ya ce ke nan. Shi ma sonta yake. Tashi mu tafi."

Kafin mu fita tsohuwar ta ja ni, ta buɗe ƙofar motar, ta dage sai na zauna. Na zauna. Kujerar ta karɓi bayana yadda babu kujerar da ta taɓa yi. Aka sauke rufin gaba ɗaya. Ba sama a kaina, sai kwanon sito, amma na gane abin da yaron nan ya gani. Ta kawo mini ƙaton zare baƙi, irin wanda ta yi aikin da shi, ta cusa mini a jaka. Na ciro 'yar kwalbar humrata na ba ta. Ta shinshina ta yi atishawa, muka yi dariya mu biyu. Na ce mata "sheshe," kalmar godiyarsu, ita kaɗai na riƙe bayan meyo.

A waje ruwan nan yana nan. Ɗanliti ya ce yana da wani uzuri, ya tari tasi. Muka tsaya ƙarƙashin rumfar wani shago ni da Abba.

Ya ce, "Kin kunyata ni, Hajiya."

"Na kushe?"

"Ba ki kushe ba."

"Ka san an taɓa ta?"

"Ban sani ba."

"Sau nawa ka zo ganinta?"

"Biyar."

"Sau biyar, kana jin yarensu, tsohuwar nan tana zaune a bakin ƙofa. Ba ka so ka sani ba ne."

Ya juya mini baya. Can ya ce, "Shekara tara ina loda kayan mutane. Buhun wannan, kwalin wancan. Sau ɗaya na ga abin da nake so ya zama nawa."

Na ce, "Da haka ka faɗa mini tun a waya, da ban sha wahalar jirgi ba. Ka ce mini ciniki ne. In so ne, ka tara kuɗinka ka saya, ranar da ka kawo ta ni zan fara shiga. Amma ba da rumfar da ƙannenka suke ci ba."

Ya tare mana tasi. Har muka koma Liuhua bai ƙara magana ba. Kwana biyun da suka rage ya kawo mini tuwon Mariyama safe da yamma, ya ajiye, ya gaishe ni, ya fita. A filin jirgi ya ɗauki jakata har inda aka tsayar da shi. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Na so in ƙara wani abu. Ban saba ba.

Yau wata biyu ke nan. Yana kiran Hadiza yana tambayar ƙafata, ni bai kira ni ba. Ina jin zafin abin, ba zan ɓoye ba, kuma Hadiza, rubuta haka, in ya karanta ya gani. Takardun sun koma ƙasan akwati. Zaren yana kan kanta a rumfa, kusa da almakashi, ban taɓa shi ba.

Ranar da na koma kasuwa, maƙwabcin rumfata ya leƙo tun ban gama shimfiɗa kaya ba.

"Hajiya, an dawo lafiya? An ce har Sin kika je ganin mota. Yaya motar?"

Na ce, "Ɗinkin ya yi kyau."

Na juya na auna wa wata mata yadi biyar.